Gauraka a Bayan Ƙwarya

Har yau, in na ji ƙaurin ƙwarya a wuta, sai in tuna wata la'asar a gidanmu na Gumel. Inna ta ɗora mini tsohuwar ƙwarya a cinya, aikin gwanar da ta koya mata zane a Ɗanzomo. Gauraka ce a jiki, babu layi ko ɗaya, ɗigo ne zalla.

"Yi mini irinta," in ji ta. "Inda kike son duhu, matse ɗigon. Inda kike son haske, ba shi fili."

Na yi ta gasa basilla a garwashi ina ɗiga wa sabuwar ƙwarya. Tawa gaurakar ta fito da kai a sunkuye. Na miƙa ina tsoron faɗa.

Inna ta bi ɗigon da yatsu, idanunta na kan katanga.

"Ta gwana sama take kallo. Taki me ya same ta, 'yar nan?"

"Inna, ki duba mana."

Ba ta duba ba, yatsunta kawai suka ci gaba da bin ɗigon. Nan na gane ta daina gani.

"Daga gobe ke za ki riƙa zanen," ta ce a hankali. "Kada ki gaya wa babanki tukuna."