Baki Na Bakwai

Ƙofa ta uku ke nan da injin sassaƙa ya huda wa Kabiru a mako guda, kuma duk na masallaci ne.

Shagon Alhaji Hashim ne, a Ƙofar Nassarawa. Kabiru ke riƙe da kwamfutar injin. A cikin manhajar akwai jerin bakunan yanka, kowanne da lambarsa da tsawonsa da gudunsa. In tsawon da ke rubuce ya saɓa da na bakin da aka ɗaura, inji ba ruwansa, nutsawa zai yi cikin katako.

Da baki na bakwai abin ke faruwa. Kabiru ya goge bayanansa, ya kwafo su daga tsohon littafinsa, ya canza lambar sirri. Ɗaura baki kuwa da hannunsa yake yi, don shi bai yarda da kowa ba. Ban da shi, wanda kawai ke taɓa bakunan shi ne Baba Ilu mai washi, dattijon da ke zuwa daga Jakara ya wasa su, ya sake manna musu salatif mai lamba.

Alhaji ya ce in aka ɓata ta huɗu, wani zai bar shagon. Sai Kabiru ya tuna Anas, abokin aikinsa mai 'ya'ya huɗu, da ke yawan tsayuwa bayansa yana leƙen kwamfuta wai yana son koyo. Bai gan shi ya taɓa komai ba, amma tsoro ya sa ya kai sunansa.

Anas ya rantse bai taɓa komai ba. Aka sallame shi ranar Laraba, ya fita bai ko waiwayo ba.

Ranar Alhamis inji ya huda ƙofa ta huɗu.

Kabiru na zaune ya zabga tagumi, bakin na hannunsa, Baba Ilu ya shigo da sallama.

"Baba, wannan na bakwai ɗin ya kashe ni."

Dattijon ya karɓa, ya kai salatif ɗin kusa da idonsa.

"Wane bakwai, Malam Kabiru? Rubutuna ne. Ni ban yi boko ba, shida ce na rubuta ta Larabci, ita ce ta yi maka kama da bakwai ta boko."