Ɗigon Ƙarshe

Malamin bayoloji ya ɗaure bakin kwalbar turare da farin ƙyalle, ya kife ta sau ɗaya, ƙyallen ya jiƙe.

"Kwalbar nan ƙwayar halitta ce, ƙyallen nan fatarta. Ku rufe tagogi. Duk wanda ƙamshi ya iske shi, ya ɗaga hannu."

Shi malamin ne ƙamshin ya fara iskewa, sai ya dubi kwalbar. Ba kwalbar da ya saya don darasi ba ce. Cikin saurin safiya ya ɗauko ta marigayiyar matarsa, wadda bai taɓa buɗewa ba tun rasuwarta. Ɗigo ɗaya ya rage a ciki, ga shi ƙyalle ya shanye.

'Yan layin gaba suka ɗaga hannu, na bayansu suka bi.

"Malam, ni fa hancina ya tafi yajin aiki!" in ji wani dogo daga can ƙurya.

Aji ya kwashe da dariya.

"Jira, zai zo maka. Daga inda ya yi yawa yake ratsawa zuwa inda babu. Ba mai tura shi."

Wata ɗaliba ta tambaya, "Malam, yana komawa cikin kwalbar?"

"Ba ya komawa."

Dogon ya ɗaga hannu. Ɗakin duka ya cika da ƙamshin marigayiyar. Zufa ta fara keto wa yara, shugaban aji ya miƙe.

"Malam, an gama. In buɗe taga?"

"A'a. Ba za a buɗe ba."