Jan Layin Ƙarfe Goma

Yau ma jan layi ya haye har saman allon kwamfutar. Injiniya ya naushi tebur, shayi ya fantsama kan wayoyi.

Tun yana saurayi rediyo ya shiga ransa. Manhajar nan da hannunsa ya rubuta ta, aikinta auna ƙarfin wata siririyar sigina ta dogon zango da ke zuwa daga nesa. Ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta ce sai ya kawo ma'aunin wata uku ba tangarɗa kafin ta amince da tasharsa. Amma kullum ƙarfe goma na safe, yana can ofis, sai wata ƙara ta danne siginar, jan layi ya haye a allon. Da farko minti ashirin take yi. Ta koma awa ɗaya. Yanzu awa uku cur!

Bai wahalar da kansa neman mai laifi ba, tunda ga shagon walda jingine da katangarsa.

"Wallahi sai ka bar layin nan!" ya daka wa mai walda tsawa a gaban jama'a.

"Allah ya huci zuciyarka, Injiniya," in ji mutumin, ya sunkuyar da kai.

Wannan sanyin halin ya fi zagi ƙona masa rai. A gida matarsa ta ce, "Baban yara, ka ƙyale… bawan Allah ya nemi abincinsa." Bai ko dube ta ba. Ita da ko bene ta daina hawa ta leƙa na'urorinsa, me ta sani?

Ya ɗauki hutun kwana biyu ya tsare a gida. Ƙarar ta ɗauke ɗif. Wato munafukin har gadin fitarsa yake yi!

Ranar Laraba ya yi sallama kamar zai tafi aiki, ya zagaya ya ɗauko mai shagunan layin, wanda ya yarda zai kori mai walda in ya ga hujja. Goma na cika, ƙaramar rediyon hannun Injiniya ta fara shuu. Suka bi ƙarar.

Mai walda na zaune a benci, injinsa a kashe. Ya miƙe ya tare hanya. "Don girman Allah kada ka shiga yanzu. Amana aka ba ni."

Injiniya ya bangaje shi. Ƙarar na ƙaruwa, ta bi da shi ƙofar gidansa, ta ratsa falo, ta tsaya a ɗakin kwanansa. Ya banka ƙofar.

Matarsa na kwance da robar numfashi a hanci, injin iskar da maƙwabcin nan mai walda ya ɗauko mata daga asibiti a ɓoye yana gurnani gefen gado: wata biyu ke nan manhajarsa na nuna masa yadda numfashinta ke ƙarewa, shi kuwa yana zagin mai walda.