Fim ɗin Ostareliya a Aujara

Shi kaɗai ya fashe da dariya. Mutanen gidan suka bar kallon talabijin, suka zuba masa ido.

Shekara goma sha biyar yana Legas, sai ga shi ya dawo Aujara da bidiyo da kaset ɗin wani fim na Ostareliya, labarin wata mata da ta koma ƙauyensu. Yana fassara musu, suna ƙara ruɗewa.

"To ina abin dariyar?" in ji kawunsa. "Mutum ya dawo gida, ko ruwa ba a ba shi ba?"

"Ai wasa ne, Kawu."

"Wasa? Ga ta nan tana kuka!" in ji yayarsa. "Ina danginta suke?"

Sai aka nuno matar tsaye a bakin titi da akwati. Mahaifiyarsa ta matso ta riƙe masa hannu.

"Wannan isowa ce ko tafiya?"

Ya san ƙarshen fim ɗin, tafiya matar za ta sake yi. Bai kuma faɗa wa kowa jibi zai koma Legas ba. Ya kashe bidiyon.

"Isowa ce, Inna."