Miyar Koriya a Teburin Ruwaida

Ina shiga makarantar su Ruwaida na hango layi har bakin ƙofa, duk a teburinta. Ranar abincin gargajiya ce, amma 'yar tawa ta kafa allo da rubutun Koriya. Tir! Waƙar 'yan Koriya ta cinye mata kunne, fim ɗinsu ya cinye mata ido, yau abin ya kai tukunya.

Bara a nan na kawo miyar kuka. Turawan matan unguwarmu ta Irving Park suka toshe hanci, wata har ta tambaya ko wani abu ne ya mutu a ciki. Haka na koma da kulata a cike. Yau ga su suna siɗe cokali. Mai maganar mushen ma ƙari take nema, wai irinta ta gani a fim.

"Mama, just try it," in ji Ruwaida.

"Allah ya sawwaƙe in ci jagwalgwalo."

Ta danna min cokali a baki. Sai na ji daddawa da kuka, har da yajin da Goggo ta aiko min daga Zariya.

Ta raɗa min a kunne: "Miyarki ce ta jiya. Allon kawai na canza."