Gyara Kafin Azahar

A shekarar da kamfanonin wasan kwamfuta suka fara sayen muryoyin mamata, Lurwanu ya ba kamfaninsu muryar mahaifiyarsa kyauta. Wasan nasu, Tsakar Gida, rayuwa ce kawai: ka shiga, a yi shara, a ɗora tukunya, uwa ta aike ka.

Ranar Laraba da hantsi shugabarsu, Hajiya Kubura, ta tsaya a kansa.

"Lurwanu, 'yan Zariya za su saki nasu wasan jibi, an ce har ƙamshin ƙasa bayan ruwa suka saka. Mu kuwa tsofaffin da suka gwada namu dariya suka yi. Wace uwa ce ke kiran ɗan farinta da sunansa? Ka gyara kafin azahar, in ba haka ba mun kaɗe."

"To, Hajiya. Aikin minti biyar ne."

Ya sa tabarau na shiga wasan, ya shiga. Ga inuwar dalbejiya tana rawa a kan tabarma, ga Inna tana tankaɗe, garin yana tashi a hankali kamar ba zai sauka ba. Shekara talatin yana ɗan farinta, da tana raye bai taɓa jin ta kira shi da abin da ya wuce "kai, wannan" ba.

Ta ɗago. "Lurwanu, miƙo min faifai."

Ya miƙa. Ya mayar da wasan baya, ta sake kira. Ya sake mayarwa.

Da aka kira azahar, Hajiya ta leƙo. "An gama?"

"Saura kaɗan," ya ce, hannunsa a miƙe cikin iska, babu komai a ciki.