Sabis Mai Gudu a Dry Fork

A garinmu Dry Fork shanu sun fi mutane yawa, su kuwa shanu ba sa biyan kuɗin waya. Wannan ce damuwar Wendell Haugen, manajan ɗan kamfanin wayar da mu 'yan garin muka mallaka tare. Ƙarfen sabis ɗaya gare mu, tsoho, a bayan rumbunan alkama. Da yamma, in kowa ya kunna bidiyo, sai ya shaƙe ya tsaya cak.

A taron shekara, bayan an gama da gasasshen nama, Marlys Tveit mai shagon gyaran gashi ta miƙe.

"Wendell, ƙanwata a birni tana da 5G. Ni kuwa hoton jikana sai na dafa kofi na shanye kafin ya buɗe. Ko ka kawo mana 5G kafin taron baɗi, ko mu sayar wa manyan kamfanoni da namu, kai kuma ka tafi kamun kifi."

"To, a ƙara kuɗin wata?" in ji Wendell.

Zauren ya kaure da ihu. Aka kaɗa ƙuri'a: a kawo sabon sabis, kada a ƙara ko sisi.

Wendell ya san ko jikokinmu ba za su gama biyan na'urorin ba. Ya kuma san in manyan suka saya, ofishinsa za su fara rufewa, da shi da ma'aikatansa duka.

Da bazara sai ga shi ya hau ƙarfen da kansa, da furfurarsa da tumbinsa, yana ɗaura wasu fararen akwatuna. Muka yaba wa ƙarfin dattijon. Ya sa aka rataya ƙyalle a bakin titi: 5G YA ISO.

Washegari Duane Pruitt mai kiwon kaji ya tashi da ciwon kai. Kajin ma, in ji shi, sun rage ƙwai. Ya tarar da Wendell a gidan abinci.

"Kai, faɗa mini gaskiya. Abin nan yana dafa ƙwaƙwalwa?"

Wendell ya ci gaba da juya cokali a kofinsa. "Taka ai ta daɗe da dahuwa, Duane. Amma ni ba likita ba ne, ba zan ce maka a'a ba."

Kafin girbi rabin garin sun kashe wayoyinsu, sun naɗe su cikin takardar alminiyam ta gasa dankali don tare sabis, sun jefa a durowa, sun koma wa tsohuwar wayar bango. Kuɗin wata dai ba su daina biya ba, don kada mota ta mutu musu a daji ranar ƙanƙara su rasa hanyar kiran taimako.

Ɗaya rabin kuwa daɗi ya kashe su. Hoton jikan Marlys yana buɗewa kafin ta ƙifta ido. Abu ɗaya ya dame ta, alamar 5G ba ta fito a fuskar wayarta ba.

"Wayarki ce ta tsufa," in ji Wendell.

Ta sayi sabuwa. Alamar ba ta fito ba, amma ta rantse wa duk wadda ta zauna a kujerarta cewa gudun ya ninka.

A taro na gaba mutanen Duane suka nemi a sauke akwatunan, mutanen Marlys suka kayar da su da ƙyar. Ana tafi, ana zagi, har da jifa da burodi. Babu wanda ya tuna da zancen sayarwa. Wendell ya tsira da kujerarsa.

Da kaka wata iska mai ƙarfi ta fizgo akwati ɗaya ta yar a gonata. Na ga Wendell ya taho a guje da motarsa, amma na riga shi isa, na ɗaga abin da hannu ɗaya.

Roba ce zalla, babu komai a ciki sai sheƙar tsuntsu: tsohon ƙarfen nan ne dai ke aiki, rabin kayansa kawai tsoro ya sauke masa.